Yadda Aka Yi Wa Saiwata Wanka a Argungu

Tun da na dawo daga ƙasar Kabi ban huta da tambaya ba. Mai sayen turare sai ya tambaya, mai shan inuwa a rumfata sai ya tambaya, har da waɗanda sun riga sun ji labarin, so kawai suke su ga yadda fuskata za ta yi. To, ga shi na rubuta, kowa ya karanta ya ƙyale ni. Ba wani dogon karatu na yi ba, daga allo sai firamare, wanda ya ga gargada ya yi haƙuri. Alkawari ɗaya na yi wa kaina, ba zan rage laifina ba. Na Kabawa ma ba zan rage musu ba.

Sunana Lawal, amma a kasuwar Katsina Lawandi mai turare ake ce mini. Babban aibina cika baki, kuma duk cika bakin a kan hancina yake. Na sha faɗa a majalisa cewa ko idona a rufe aka gitta da kwalba ta gabana, zan faɗi abin da ke ciki. Wani lokaci nakan dace. Ranar da ban dace ba kuwa sai in ce mura nake yi.

Mahaifiyata ce ta tashe ni tafiya, Inna Mairo. Tun muna yara take haɗa man shafawa na ciwon gwiwa da baya, da man kaɗanya da saiwar wani itace da ake kira sanya, wasu su ce uwar magunguna. Da wannan sana'a ta rufa mana asiri bayan rasuwar mahaifinmu. Saiwar kuwa wani Bakabe abokin mahaifinmu ne yake kawo mata duk shekara in ya zo sayar da bandar kifi, Baba Arzika na Argungu. Da girma ya kama shi ya daina zuwa, sai Inna ta koma sayen dakakkiya a kasuwa. Daga nan abu ya lalace. Wata tsohuwa ta shafa, gwiwarta ta feso da ƙuraje. Wata maƙwabciyarmu, Goggo Abu, ta dawo da gwangwaninta ta dire a bakin ƙofa ko sallama babu. Magana ta fara zagaya unguwa, wai Inna ta tsufa ta koma haɗa wa mutane garin katako.

Ranar da maganar ta iso kunnenta, ta kife tukunyar haɗin a tsakar gida ta ɗora mata dutse.

"Ba zan sake ɗaga ta ba sai na riƙe saiwar da zan iya rantsuwa a kanta," in ji ta. "In ba a samu ba shi ke nan, sana'ar ta ƙare."

Na ce, "Haba Inna, ina gidan nan? Abin da ake ganewa da ƙamshi? Ko a buhun barkono aka ɓoye ta sai na zaƙulo ta."

Ta ce, "Lawal, wurin Arzika na aike ka. Kar ka sayi dakakkiya, kar ka saya a hannun wanda ba ka sani ba. Kuma ka kama bakinka. Ka san Kabawa taubasanmu ne, in suka sami Bakatsine shi kaɗai ko hularsa ba sa bari."

Na ce to. Wannan to ɗin bai raka ni ko tashar mota ba.

Direbanmu ya ce shi ba zai bi ta daji ba saboda halin da hanya take ciki, ta Nijar za mu zagaya. Muka fita ta Jibiya, muka ratsa Maraɗi, muka nufi Ƙonni. Abin ya ba ni mamaki, mutum zai je wata jiha a ƙasarsa amma sai ya fita daga ƙasar tukuna. Mutanen can Hausa suke yi kamar mu, sai dai burodinsu dogo ne kamar sanda. Na sayi ɗaya na rasa ci zan yi ko dogarawa.

A shingen farko wani jandarma ya leƙo, ya duba katunanmu, ya tambayi abin da ke cikin jakata. Da na ce turare ne na tsaraba, da magana ta ƙare. Amma ina! Sai da na zuge jaka na fara bayani, wannan daga ƙasa kaza yake, wancan ko an wanke riga ba ya fita. Na ɗiga masa a bayan hannu. Ya shinshina ya lumshe ido, ya kira ɗan'uwansa. Shi ma ya miƙo hannu. Mai shayi ya baro teburinsa, mai burodi ya biyo baya. Ba wanda ya ƙwace mini komai, ni na yi ta ɗigawa ina shan yabo, har kwalbar da na tanadar wa Baba Arzika ta koma rabi. Wata hajiya daga bayan mota ta ce, "Malam, in an tashi daga walimar ka gaya mana mu kama hanya."

Muka faɗo Illela, muka isa Sakkwato, na kwana wurin wani abokin sana'a. Washegari bayan azahar na shiga motar Birnin Kebbi mai bi ta Argungu.

Direban, wani ƙaƙƙarfa mai tsage a kumatu, ya ce, "Baƙo daga ina?"

"Daga Katsina," na ce da ƙarfi, har da gyara hula.

Motar ta yi tsit, sannan kowa ya kwashe da dariya. Direba ya tafa hannu. "Jama'a, yau Allah ya ba mu bawa kyauta! Taho gaba, bawana, zamna kusa ga ubangidanka."

Ya ba ni kujerar gaba. Ya saya mini fura mai sanyi, ya ce in shanye. "Kwanta abinka ka huta. In munka kai Argungu ni da kaina za ni tashe ka."

A raina na ce, ashe Inna ta zuzuta abin, mutanen kirki ne. Na sha fura na jingina. Ban farka ba sai da kiran sallar magariba, mota a tsaye cikin wata babbar tasha, kowa ya sauka.

"Direba, mun iso Argungun?"

"Argungu tana can inda ka baro ta. Nan Birnin Kebbi na."

"Ba kai ka ce za ka tashe ni ba?"

"Na yi niyya wallahi. Munka tsaya, munka sauke mutane, har kihi munka saya bisa kanka. Sai na dube ka kana kwana baki buɗe, tausai ya kama ni."

Na so in yi faɗa, amma wa zai saurare ni? Wasan taubashi ba a kai shi ƙara. Na buga wa Baba Arzika waya, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, sannan ya ce 'yarsa Kulu tana aure a nan Birnin Kebbi, in kwana gidanta. Abin da zan yaba wa direban nan, bai bar ni a tasha ba. Shi ya kai ni har ƙofar gidan, ya ɗaukar mini jaka, ya shaida wa mijin Kulu cewa ga wani kaya nan an manta a motarsa.

Suka sauke ni a ɗakin zaure, suka ɗaura mini gidan sauro. Na ce ba na buƙata, mu a Katsina fanka ta ishe mu. Mijin Kulu ya ce to, ya bar shi a ɗaure. Sauron fadamar Rima bai ba ni lokacin da zan yi girman kai ba, da gudu na shige. Abinci kuwa, tuwon shinkafa da miyar kifi. Da safe shinkafa. Abin da muke jira sai ranar biki mu ci, su shi ne na yau da kullum, har suna ba baƙo haƙuri wai ba a yi masa wani abin kirki ba.

Da gari ya waye Shaiɗan ya zo mini da shawara. Ya ce, an riga an yi maka dariya a waya, yanzu kuma za ka je Argungu hannu biyu kamar yaron aike? Shiga kasuwar nan ka samo saiwar da kanka, ka dire ta gaban tsohon, su san Katsina ta aiko gwani. Na ji shawarar ta yi. Maganar Inna ta zo mini a rai, na ture ta gefe.

Ban ma kai cikin kasuwa ba. A bakin hanya na hango wani ya baza tabarma, ga sassaƙe, ga saiwoyi, ga ƙulle-ƙullen gari. Tun daga nesa ƙamshin sanya ya mare ni, irin ƙamshin nan mai yaji kamar na man zafi. Na tsaya na ɗaga kai ina shaƙa.

Mai tabarmar ya ce, "Malam, daga yadda ka ɗaga hancin nan na san masani ne. Mutane tun safe suke wucewa ba wanda ya gane ta."

Nan ya gama da ni. Na tsuguna na ɗauki ɗaya. Sai sheƙi take, har da ɗan maiƙo a hannu.

"Wannan maiƙon fa?"

"Ƙosawa ce. Man jikinta ne yake tsattsafowa. Amma ai ka fi ni sani."

Na kama za in karya in duba cikinta, ya riƙe mini hannu. "A'a, malam. Ba a karya uwar magunguna a kasuwa, ƙarfinta fita yake."

Allah ya yafe mini, ban taɓa jin wannan magana ba a duniya, amma na gyaɗa kai na ce, "Haka ne, mu ma a Katsina haka muke yi." Na saye ɗaurin gaba ɗaya.

Na iske Kulu tana shirin fita aiki. Ita ta yi karatu mai zurfi, a wani ɗakin gwaji take aiki inda ake duba magunguna kafin a bari a sayar. Na kwance ɗaurin a gabanta ina hura hanci. Ta ɗauki ɗaya, ta murza yatsunta, ta dubi yatsun.

"Yaya Lawal, ba ni guda in tafi da ita wurin aiki. Mu in an kawo saiwa, sai mun yanka ta siriri mun duba a madubin ƙara girma, mun ƙona wani yanki mun ga ko akwai yashi a tokar, mun jiƙa mun ga abin da za ta saki. Ƙamshi farkon dubawa ne kawai."

Na ce, "Ƙanwata, wannan madubin naku don masu toshewar hanci aka yi shi."

Ta dube ni, leɓenta yana rawa. "Gaskiyarka. To kai wa Baba ita haka nan, kar ka bari kowa ya taɓa. Zai yi murna ƙwarai."

Ina fita zaure na jiyo ta tana waya, dariya ta hana ta magana. Na ɗauka da wata ƙawarta take.

Na shiga motar Argungu da jakar a kan cinya. Muka wuce Zauro da Ambursa, ko'ina shinkafa an shanya, babura ɗauke da buhuna har ba a ganin mai tuƙi. Rana ta buɗe, mota ta ɗauki zafi, maiƙon nan ya ratso jakar ya yi mini taswira a farar rigata. Wata mata da ke kusa da ni ta ce tun jiya hancinta a toshe yake, yanzu ya buɗe, Allah ya saka. Na ce mata wannan kaɗan ta gani.

Baba Arzika na same shi a bakin gulbi ƙarƙashin wata bishiya yana ɗinkin taru. Dogon tsoho ne, fari fat a gemu, ido kamar na yaro mai shirin ɓarna. Dattawa sun cika wurin, wasu a kan tabarma, wasu a gefen jiragen da aka jawo tudu. Na yi zaton haka suke taruwa kullum.

"Maraba da bawan gidanmu! An tashi kwana? Ina Mairo, ina gwiwa?"

Muka gaisa. Aka kawo gasasshen kifi da ban taɓa ganin mai girmansa ba sai a hoto, aka ce ƙaramin ne. Na ci har na kwance zariya. Na miƙa masa rabin kwalbar turarensa, ya ɗaga ta sama ya nuna wa jama'a. "Kun gani? Bakatsine ko kyauta za shi yi sai ya ɗanɗana." Sannan ya goge hannu ya ce, "An ce ka zo muna da abin mamaki."

Na kwance ɗaurin. Dattawa suka matso.

"Kai! Wanga ƙamshi har Augie sai an ji shi."

"Tun da nike ban taɓa ganin sanya mai sheƙi haka ba."

"Ni ma haka. Sai Bakatsine!"

Yanzu da nake tunawa, ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Ni kuwa kai ya kumbura. Na miƙe tsaye na yi musu bayanin yadda ake gane sanya, su da aka haifa a gindinta. Har na koya musu cewa ba a karya ta a kasuwa. Wani tsoho ya cusa bakin rawaninsa a baki, kafaɗunsa suna girgiza, na ɗauka sanyi yake ji.

Baba Arzika ya ce, "Madalla. Saura abu guda. Al'adarmu nan, duk saiwar da ta baƙunci garin ga sai an yi mata wanka ga gulbi, kuma mai ita ka yi mata da hannunai." Ya miƙo mini sabulu da soso.

Na ce al'adar gari ai dole a bi. Na naɗe wando, na shiga ruwa har gwiwa, na tsoma ɗaurin na fara cuɗawa kamar mai wankan jariri. Ban daɗe ba na ga wani maiƙo yana tasowa saman ruwa, yana bazuwa launi-launi. Saiwar ta daina sheƙi, ta koma toka-toka.

"Shinshina muna ita," in ji Baba Arzika daga tudu.

Na kai hanci. Ƙamshin ya bar saiwa ya koma hannuna.

"Karya ta. Nan ba kasuwa ba ta."

Na karya. Cikinta fari, ba abin da yake tashi sai warin jiƙaƙƙen icce. Na karya wata, haka. Na buɗe baki zan ce mura nake yi, sai maganar ta maƙale.

"Wagga saiwar sabara ta," ya ce. "Man zafi na kanti anka shafe ta da shi. Ba ta da laihi, amma ba ita anka aike ka ba."

Dariyar da ta tashi a bakin gulbin nan, ina jin har kifaye sun ji. Wani ya sulale daga gefen jirgi ya faɗa ruwa, bai daina ba. Matan da ke wanki can gaba suka tsaya suna tambayar wane ne, aka ce musu Bakatsine ne yake yi wa sabara wanka, su ma suka ɗauka. Ni kuwa ina tsaye cikin ruwa da soso a hannu. Zuciya ta ɗebe ni, na fito na ce jakata kawai za a ba ni, gida zan koma.

Baba Arzika ya ɗaga hannu, dariya ta lafa. Ya ja ni gefe, ya sassauta murya.

"Lawal, Mairo idonta ya rage, ko ba haka ba? Da daga Birnin Kebbi ka juya gida, ka ce mata hancinka ya tabbatar, ƙila ta amince da ɗanta ta haɗa. Mi za a ce da ita unguwarku karo na biyu?"

Na tuno tukunyar nan a kife da dutse a kai. Na zauna a ƙasa na ce, "Baba, koya mini."

Na tambaye shi ko wankan ma ƙarya ne. Ya ce a'a, duk saiwar da ta fito hannun wanda bai sani ba sai ya tsoma ta a ruwa tukuna, abin da aka shafa daga waje ruwa yake tona shi. Sabulu da soso ne kawai ya ƙara don girmama baƙo. Abin da ya fi ƙona mini rai, a sana'armu ma akwai masu shafa turare mai kyau a bakin kwalba, ciki kuwa tarkace, kuma ni ne mai yi wa masu saye wa'azi a kan haka.

Washegari da sassafe muka haye gulbi a jirginsa. Ni da ban taɓa shiga ruwan da ya wuce bokiti ba, na ƙanƙame gefen jirgin ina karanto duk addu'ar da na sani. Shi kuwa da gangan yake karkata shi, yana tambayata ko Katsina akwai gulbi ko sai rijiya. A can ƙetare muka hau babur muka nufi tudu ta wajen Augie, muka wuce gonakin albasa, muka shiga saura. Mun yi tafiya mai nisa a ƙasa kafin ya tsaya gaban wani ɗan itace mai farin jiki, bai fi tsayin ɗaki ba.

"Ga uwar. Da can bayan gari muke samun ta. Masu tona sun cinye, su tumɓuke duka su tahi. Shi ya sa ta ƙarya ta yi yawa."

Ya ce shi a ƙa'idarsa ba ya kiran saiwa da suna sai ya ga itacenta a tsaye. Ya sa na tsinki ganyen na murza, ya nuna mini 'ya'yanta masu fiffike guda kamar na fara. Sannan ya ba ni fartanya ya ce in tona ta gefe ɗaya kawai. Muka yanko saiwa guda, muka mayar da ƙasa muka danne, ya ce don jikokinsa su iske ta da rai.

Ɓawonta kauri gare shi, cikinta ya ɗan yi rawaya. Daga waje ƙamshin kaɗan ne. Ya kankare ta da wuƙa ya kai mini hanci. Wani abu ya harbe ni har ƙwaƙwalwa, na yi ta atishawa har hulata ta faɗi.

"Yawwa, yanzu kun gaisa."

Ya zuba kankararren a gorar ruwa, ya girgiza, kumfa ta taso ta tsaya ba ta kwanta ba. Ya ce sabarar jiya ko yini aka yi ana girgiza ta ba za ta yi haka ba. Ya kuma ja mini kunne, "Kar ka ji an ce uwa ka ɗirka ma cikinka. Tana kisa in ta yi yawa. Mairo shafawa taka yi da ita, ta san gwargwado."

A gida ya hau da ni rumfar da yake shanya, a inuwa, sama da ƙasa, inda akuya ba ta kaiwa. Ɗanya ba za ta kai Katsina ba sai ta yi hunhuna, saboda haka daga busasshiyar da ya tanada zai ba ni. Nan ma bai ɗebo haka kawai ba. Wadda ƙwaro ya huda ya jefa wuta, wadda ta yi baƙi-baƙi a jiki ya jefa wuta, duk da cewa sanya ce ta gaske. Na ce kai Baba, asara. Ya ce gwiwar tsohuwa za a shafa wa. Busasshiyar in an kankare aka ɗiga mata ruwa, ƙamshin sai ya farka. Dakakkiya kuwa ya ce ko shi ba ya rantsuwa a kanta, wannan aikin su Kulu ne da madubinsu. Na tuna abin da na ce wa madubin.

Ya ɗaure mini kayan, ya sa reshe guda mai ganye da 'ya'ya a sama don Inna ta gani. Ya raka ni tasha. Sai da mota ta tashi, ta fara gangarawa, sannan ya leƙo ta taga.

"Bawana, na manta. Na saka guda daga cikin naka na Birnin Kebbi cikin ɗaurin, na sake shafe ta. In ka gane ta kahin Katsina, to. In ba ka gane ba, Mairo ta haɗa ma tsohhin unguwarku da ita."

"Baba! Direba tsaya!"

Direban Bakabe ne. Ya ƙara wuta.

Wannan dawowa ba zan manta da ita ba. A Sakkwato na sayi reza da ruwan gora. Tun daga Illela na shimfiɗa ƙyalle a cinya, in zaro saiwa, in kankare, in ɗiga ruwa, in shinshina, in yi atishawa, in ajiye gefe. Na kusa da ni ya kama, na bayansa ya kama, har direba sai da ya gangara gefen titi ya share hawaye, ya ce ko in rufe jakar nan ko in hau saman mota da ita. Na roƙe shi, na ba su labarin tukunyar Inna. Wani dattijo ya ce a ƙyale ni, a sauke gilasai. Har ya karɓi gorar yana girgiza mini yana duba kumfa.

A shingen nan na Nijar, jandarman ranar ya gane ni. Ya taho da murmushi ya miƙo bayan hannu. Ban ce masa komai ba, iskar motar ce ta amsa masa. Ya yi atishawa uku a jere ya ɗaga mana sanda da sauri.

Har muka shigo Jibiya ban sami ta ƙaryar ba. Kowace na kankare sai ta harbe ni. Na sake bi daga farko, haka. Hancina ya kumbura ya yi ja, na tabbata ya mutu, kuma saiwar banzan tana nan ciki tana yi mini dariya.

Na shiga gida na durƙusa gaban Inna, na faɗa mata komai, tun daga walimar turare har wankan gulbi. Ban rage ba. Na ce, "Inna, akwai ta ƙarya guda a ciki, na kasa gane ta. Kar ki haɗa."

Ta jawo ɗaurin, ta ɗauki reshen ta shafa ganyen da 'ya'yan. Ta karya saiwa ɗaya ta shinshina, ta taɓa a harshe ta tofar. Sannan ta bi su ɗaya bayan ɗaya da yatsa.

"Kowace na taɓa sai in ji tabon reza. Duka ka kankare?"

"Duka, Inna. Wasu ma na maimaita."

"Kowace ta yi maka magana?"

"Kowace."

Sai na ga kafaɗunta sun fara girgiza kamar na tsohon nan mai rawani.

"To babu ita. Arzika ba zai sa mini ƙarya a kaya ba ko da wasa. Haka ya yi wa mahaifinku zuwansa na farko, shi har gida yana atishawa." Ta share ido da gefen mayafi. "Tashi ka ɗage mini dutsen nan."

Na ɗage, ta tayar da tukunyarta. Amma ba ta haɗa a ranar ba. Sai da ta aika aka kira Goggo Abu, mai dire gwangwani, da tsohuwar da ta yi ƙuraje. Ta baza saiwar a faifai da reshenta, ta ce kowa ta zaɓi wadda take so ta karya da hannunta. Goggo Abu ta zaɓo mai kauri, ta karya, ta kai hanci tana yatsina. Atishawar da ta yi sai da kajin gidan suka watse.

"Mairo, wannan ita ce. Ina gwangwanina?"

"Yana inda kika dire shi," in ji Inna.

Tun daga ranar a tsakar gida ake dakan, a gaban duk mai son gani, kuma ni ne mai kankarewa. A majalisa na rage zancen hanci. Ban daina ba, na dai rage.

Saura laifi ɗaya, shi ma gara in faɗa. Na haɗa wa Baba Arzika tsarabar godiya, kwalaben turare masu kyau, na aika ta hannun wani direba. Na haɗa da saƙo cewa ɗaya daga ciki ruwan daddawa ne, na shafa mata turare a baki. Kulu ta bugo mini waya daga baya. Ta ce tsohon ya shinshina bakin kowace kwalba, ya yi dariya ya ce shi za a yi wa wasan da shi ya ƙago? Ranar Juma'a ya zaɓi wadda ta fi kyau, ya juye ta a babbar rigarsa, ya tafi masallaci.

Ina neman gafarar Allah da ta mutanen sahun da ya tsaya. Amma ku shaida, ni gaskiya na faɗa masa.